NORTON MANX: TSOHON DOKIN ƘARFEN DA YA DAƊE A FAGEN SUKUWA

 

Ran nan ina zaune a rumfar wani bakanike ina jiran a ɗaure mini birki, sai gardama ta kaure tsakanin yaran gareji guda biyu. Ɗaya ya ce babur mai silinda ɗaya, irin wanda 'yan acaɓa ke hawa, jakin aiki ne kurum, tun asali ba a yi shi don gudu ba. Wai in ana maganar tsere sai manyan baburan nan masu silinda huɗu da ake nunawa a talabijin. Ɗayan ya ce sam ba haka ba ne, amma da aka ce ya kawo hujja sai ya shiga sosa ƙeya. Na yi musu alkawarin zan kawo hujjar a jarida, alkawari kuwa kaya ne. To, yau ga shi na zo in sauke.

Akwai wani babur na Ingila mai silinda ɗaya tak, sunansa Norton Manx, wanda shi da kakanninsa suka shafe shekara wajen arba'in suna cin tsere a ƙasashen Turai. Labarinsa ya wuce na raba gardamar yaran gareji, domin a cikinsa za a ga yadda haƙuri da naci kan ɗaukaka abu, a kuma ga yadda taurin kai kan kashe masana'anta komai girmanta.

TUSHEN LABARI

Wani Bature mai suna James Lansdowne Norton ne ya kafa kamfanin a birnin Birmingham cikin 1898. Da farko kayayyakin kekuna yake yi, sai a 1902 ya soma haɗa babura da injin da yake sayowa daga waje. A wancan zamani hukumar Ingila ba ta yarda da tsere a kan hanyoyin jama'a ba, kuma dokar 1903 ta ƙayyade gudun mota kada ya wuce mil 20 cikin awa ɗaya. Saboda haka masu sha'awar tsere suka haye ruwa zuwa Tsibirin Man, wani ɗan tsibiri da ke tsakanin Ingila da Ailan, wanda yake da majalisar dokokinsa ta kansa. Majalisar nan ta yarda a riƙa rufe hanyoyi domin tsere.

A 1907 aka fara yin tseren baburan nan da duniya ta sani da suna TT a tsibirin. A rukunin masu silinda biyu, wani mahayi Rem Fowler ne ya zo na ɗaya a kan Norton, ko da yake injin da ke jikinsa na kamfanin Peugeot ne na Faransa. Tun daga ran nan sunan Norton ya ɗauru da na tsibirin. Kalmar Manx kuwa ma'anarta abin da ya danganci Tsibirin Man, kamar yadda mu za mu ce Bakano ko Basakkwace.

Ya kamata mai karatu ya san irin fagen da ake magana. Tun daga 1911 ake bin hanyar da ta haura ta gefen dutsen Snaefell, zagaye ɗaya mil 37.73 ne, watau kilomita 60 da ɗoriya, da kwana fiye da 200. Hanya ce ta yau da kullum wadda mutanen tsibirin ke bi zuwa kasuwa. Tana ratsa ƙauyuka, ga katangun dutse dama da hagu, ga turakun waya, ga gadoji masu ƙusumbi da kan cilla babur sama, sa'an nan a kan dutse hazo na iya rufe mutum alhali a ƙasa rana ake yi. A irin wannan hanya ƙarfin inji kaɗai ba ya isa. Dole babur ya zama mai sauƙin sarrafawa, mai jimiri, mai shan mai kaɗan don kada a ɓata lokaci wajen tsayawa. Nan ne mai silinda ɗaya ya sami wurin taka rawa.

YADDA INJIN YAKE

Bari mu ɗan leƙa cikin inji, domin sai an gane wannan za a gane sauran labarin. Silinda ita ce tukunyar da mai ke ƙonewa a ciki. Fetur ya gauraya da iska ya shiga ta bawul ɗaya, fistin ya matse shi, fulogi ya ƙyasta wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistin ƙasa, sa'an nan hayaƙi ya fita ta ɗayan bawul. A irin wannan inji sai ya yi juyi biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Shi ya sa ƙarar babban babur mai silinda ɗaya take fita ɗaiɗai kamar dukan tambari.

A yawancin baburan wancan lokaci sandar da ke buɗe bawul, wadda makanikai ke kira kamshaf, a ƙasan inji take, sai wasu dogayen tsinkuna su kai saƙo sama. In inji ya ɗauki zafin juyi sai tsinkunan nan su soma lanƙwasa, bawul ya kasa rufewa a kan kari, ƙarfi ya zube. Wani injiniyan Norton, Walter Moore, sai ya ɗauke kamshaf ya ɗora shi a bisa kan silinda, ya sa wata miƙaƙƙiyar sanda mai haƙora sama da ƙasa tana juya shi. Da wannan sabon inji Alec Bennett ya ci babban tseren TT na 1927. Shi James Norton bai ga wannan rana ba, ya riga ya mutu tun 1925.

Ba a daɗe ba Moore ya koma kamfanin NSU na Jamus. Sai wani matashi Arthur Carroll ya sake zana injin a 1930, kuma zanen nan nasa shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya har zuwa 1962. Faɗin silinda milimita 79, tafiyar fistin milimita 100, girman ciki cc 490. Daga baya aka mai da kamshaf ya zama biyu, kowane bawul da nasa. Sifirin ɗin bawul kuwa a waje suke, ido na ganinsu, iska na fifita su, in ɗaya ya karye a sauya shi nan take. Aibinsu shi ne fesa baƙin mai, har makanikai kan cusa soso a gefe don ya tsotse kafin ya kai ga tayar baya.

Amma mutumin da ya fi kowa alhakin ɗaukakar wannan inji shi ne Joe Craig, mutumin Ailan ta Arewa, tsohon mahayi wanda ya zama shugaban sashen tsere. Craig ba mai son sabon abu ba ne. Hanyarsa ita ce a ɗora inji a kan ma'auni, a gyara ɗan abu kaɗan, a auna, a rubuta, gobe a sake. Bana a ƙara ƙarfin doki ɗaya, baɗi a ƙara biyu. Haka ya yi ta yi shekara ashirin da 'yan kai. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

SHEKARUN MULKI

Daga 1931 zuwa 1939 an yi babban tseren TT, watau na masu cc 500, sau tara. Norton ya ci bakwai. Tim Hunt ya ci na 1931, Stanley Woods ya ci na 1932 da na 1933, Jimmie Guthrie ya ci na 1934 da na 1936, Freddie Frith ya ci na 1937, Harold Daniell kuma na 1938. Frith ne ya fara zagaye tsibirin da matsakaicin gudu na mil 90 cikin awa. Da shekara ta zagayo Daniell ya kai mil 91, watau ya gama zagaye ɗaya cikin abin da bai kai minti 25 ba, kuma ba wanda ya karya wannan sai bayan shekara 12. Abin dariya, wannan Daniell mai sanye da tabarau ne, kuma da yaƙi ya zo sai soja suka ƙi ɗaukarsa, wai idonsa ba shi da ƙarfi.

Nasarar ba ta zo a banza ba. Guthrie ya mutu a 1937 a tseren Jamus, yana kan gaba, saura ƙiris ya kai ƙarshe. Biyun da Norton ya rasa kuma suna ɗauke da gargaɗi ga mai hankali. A 1935 Moto Guzzi na Italiya mai silinda biyu ne ya ci, da Woods ɗin nan a kansa. A 1939 kuma Georg Meier na Jamus ya ci a kan BMW mai silinda biyu da na'urar dura wa inji iska da ƙarfi. Watau tun a lokacin alamu sun nuna inda duniya ta dosa. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da kome, Norton ya koma ƙera wa soja babura, ya yi musu kusan dubu ɗari na samfurin 16H. Da aka gama yaƙi hukumar tsere ta hana amfani da na'urar dura iska, sai wannan ya ƙara wa mai silinda ɗaya kwana.

Bayan yaƙin ne aka soma sayar da baburin tsere da sunan Manx, iri biyu, mai cc 350 da mai cc 500. Ba shi da fitila, ba shi da ƙaho, ba shi da abin tayarwa. In za a tashe shi sai mahayi ya sa giya, ya riƙe kuloci, ya tura da gudu, ya faɗa kan sirdi ya saki. Salansarsa kuma buɗaɗɗiya ce kamar bakin kakaki. Duk mai kuɗinsa yana iya saye ya shiga fage.

KATIFAR GASHIN TSUNTSU

Aka kafa gasar duniya a 1949. A lokacin Gilera na Italiya ya riga ya fito da inji mai silinda huɗu wanda ya fi na Norton ƙarfi nesa ba kusa ba. Ga shi kuma gangar jikin Norton ta tsufa, tana wutsil-wutsil a kwana, har mahaya sun yi mata laƙabi da ƙyauren lambu, wani lokaci ma ƙarfen ya tsage. Ceto ya zo daga birnin Belfast, wurin wani bakanike Rex McCandless da ƙanensa Cromie. Shi Rex bai yi wani dogon karatun injiniya ba, aiki ne ya koyar da shi. Ya lanƙwasa bututun ƙarfe biyu, kowane ya zagaye inji ya komo, suka gitta juna a wuyan babur, ya yi musu walda maimakon haɗin gwiwar da aka saba. A baya ya sa hannu mai lilo da shokozoba masu mai, ya kuma matso da nauyi gaba don tayar gaba ta kama ƙasa.

Da Harold Daniell ya gwada, sai ya ce ji ya yi kamar yana kan katifar gashin tsuntsu. Daga nan sunan Featherbed ya bi wannan gangar jiki har yau. A TT na 1950 Norton ya kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a babban tsere, ya kuma kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a ƙaramin tsere na masu cc 350. Wanda ya ci babban shi ne wani saurayi Geoff Duke, ya kuma karya tarihin Daniell da mil 93.33 cikin awa. Duke ne ya yaɗa sa rigar fata ta bai ɗaya mai kama jiki, don kada iska ta riƙa riƙe shi, irin wadda duk mahaya tsere ke sawa a yau.

A shekarar nan da maki ɗaya tak Duke ya rasa kambun duniya ga Umberto Masetti na Gilera, bayan tayoyinsa sun ci amanarsa a tseren Beljiyam da na Holan. A 1951 ya rama, ya ci kambun cc 500 da na cc 350 gaba ɗaya, a 1952 ya sake cin na cc 350. A ɓangaren babura masu akwatin fasinja a gefe kuwa, injin Norton ne ya ci kambun duniya shekara biyar a jere, daga 1949 zuwa 1953, huɗu a hannun Eric Oliver, ɗaya a hannun Cyril Smith. Ana ba da labarin cewa wani injiniya mutumin Folan, Leo Kuzmicki, wanda yaƙi ya jefo Ingila, shara yake yi a masana'antar kafin a gane ko shi wane ne a kai shi sashen tsere, inda ya ƙara wa injin ƙarfi ƙwarai.

To, yaya aka yi mai silinda ɗaya ya kayar da mai huɗu? Amsar tana cikin kwana. Mai huɗu ya fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma yana da faɗi da nauyi, sai ya rage gudu tun da nisa kafin ya karya kwana. Norton siriri ne, marar nauyi, mahayinsa kan jinkirta taka birki, ya kwanta da shi ya wuce. Abin da aka ci shi a miƙe sai ya fanshe a lanƙwasa.

SARKIN YAWA YA FI SARKIN ƘARFI

Wannan dabara tana da iyaka, lissafi ne kuwa ya yanke ta. Ƙarfin inji yana ƙaruwa ne da yawan juyinsa. Fistin ɗaya babba yana da nauyi, kuma kowane juyi sai ya tsaya cik sau biyu ya sauya hanya, in aka matsa masa ya wuce ƙima sai ƙarfe ya karye. In aka raba cc 500 ɗin nan gida huɗu, kowane fistin ƙarami ne, tafiyarsa gajera, sai ya yi juyin da babba ba ya iyawa. Norton ya gajarta tafiyar fistinsa, ya faɗaɗa silinda zuwa milimita 86, duk da haka Manx na kasuwa bai wuce ƙarfin doki 50 da 'yan kai ba, a juyi wajen 7,000 cikin minti ɗaya. Na Italiya kuwa suna haura juyi 10,000, ƙarfinsu ya zarce doki 60. Ranar da Italiyawa suka koyi gyara gangar jiki, magana ta ƙare.

Wanda ya taimaka musu kuwa shi ne Duke da kansa. A 1953 ya koma Gilera, ya ci kambun duniya shekara uku a jere. Mutanen Ingila da yawa sun ji haushinsa, amma mahayi inda doki yake nan yake zuwa. Wanda ya riƙe tutar Norton bayansa ɗan Afirka ne, Ray Amm, haifaffen Rodeshiya ta Kudu, ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau. Amm ya ci babba da ƙaramin TT a 1953, ya sake cin babban a 1954 cikin ruwan sama, har sai da aka taƙaita tseren. Shi ma ya koma MV Agusta na Italiya a 1955, ya mutu a tserensa na farko a kan baburinsu a Imola. A ƙarshen 1954 Norton ya daina ƙera babura na musamman don gasar duniya, ba da jimawa ba Craig ya yi ritaya.

DOKIN MAI ƘARAMIN ƘARFI

Mai karatu zai zaci nan labari ya ƙare. Ashe rabinsa aka yi. A ƙarshen 1957 Gilera da Moto Guzzi da Mondial suka janye daga tsere saboda tsada, aka bar MV Agusta shi kaɗai, ya yi ta cin kambun cc 500 shekara 17 a jere, daga 1958 zuwa 1974. Amma babur ɗaya ko biyu ba sa cika fage. Sauran mahaya talatin ko arba'in da kan jeru a bakin layi, yawancinsu a kan Manx suke, ko a kan takwaransa Matchless G50.

Waɗannan mahaya masu zaman kansu ne. Mutum ya tara kuɗi ya sayi Manx biyu, babba da ƙarami, ya zuba a tsohuwar motar kaya, ya ɗauki matarsa ko abokinsa, su yi ta yawon Turai daga wannan fage zuwa wancan duk tsawon bazarar can, suna kwana a tanti, suna ci daga ɗan kuɗin fitowa da masu shirya tsere ke biya. Sun zo daga Ingila, da Ostareliya, da Niyuzilan, da Afirka ta Kudu, da Rodeshiya. Abin da ya sa Manx ya dace da su shi ne mutum ɗaya da akwatin sifana yana iya kwance injin da dare ya ɗaure kafin gari ya waye, kayan gyara kuma ana samu. A kan Manx John Surtees ya yi suna kafin ya tafi MV a 1956. Ta kansa Mike Hailwood da Phil Read da Jim Redman suka bi kafin su zama zakarun duniya.

Tsohon bai daina ba da mamaki ba. A 1957 Bob McIntyre ya fara zagaye tsibirin da mil 100 cikin awa a kan Gilera mai silinda huɗu. Shekara uku bayan haka, a 1960, Derek Minter ya yi irin wannan a kan Norton mai silinda ɗaya. A 1961 kuwa Hailwood ya ci babban TT a kan Manx da wani tsohon gwani Bill Lacey ya gyara masa, bayan MV ɗin Gary Hocking ya sami matsala, kuma matsakaicin gudunsa a dukan tseren ya haura mil 100, watau kilomita 160 da ɗoriya. A makon nan Phil Read ya ci ƙaramin tsere, shi ma a kan Norton. Aka daina ƙera Manx a 1962, amma a 1969 wani mahayi mai zaman kansa Godfrey Nash ya ci tseren gasar duniya na Yugoslabiya a kansa. Wannan ne karo na ƙarshe da mai silinda ɗaya ya ci tsere a rukunin cc 500.

Har motoci sun ci albarkacinsa. A shekarun 1950 ana tseren wasu ƙananan motoci masu cc 500, irin na kamfanin Cooper, injin Manx ne kuma ya fi tashe a cikinsu. Stirling Moss na cikin waɗanda suka tuƙa su. Da yake Norton ba ya son sayar da inji shi kaɗai, sai masu motoci su sayi babur sukutum su cire injin su sayar da gangar jiki. Samarin Landan kuma su saye ta su dasa mata injin Triumph, suka sa wa wannan haɗi suna Triton. Injin motar Vanwall ma, wadda ta ci kambun masu ƙera motoci na farko a 1958, daga tsarin kan silindar Norton aka ɗauko shi aka jera huɗu.

INDA AKA YI SAKE

Yanzu sai mu zo ga ɗaya gefen. Haƙurin Craig da ya ɗaukaka Norton, shi ne kuma ya zame wa masana'antar Ingila sarƙa. Sun saba da gyara tsohon abu har suka manta da ƙirƙiro sabo. Masana'antar Norton da ke titin Bracebridge matsattsiya ce, injinan aikinta tsofaffi, ribar da ake samu kuma ba a mayar da ita wajen sabunta su ba.

A 1954 wani mutumin Japan, Soichiro Honda, ya je Tsibirin Man kallo. Ya ga an yi masa nisa, ya koma gida ya duƙufa. A 1959 yaransa suka shiga TT, Turawa suna yi musu kallon baƙin da suka zo koyo. A 1961, a makon nan da Hailwood ya ci babban tsere a kan Norton, shi ne kuma ya ci na cc 125 da na cc 250, a kan Honda. Wanda ya karanta sakamakon makon nan da idon basira ya ga faɗuwar rana da fitowar wata a shafi ɗaya. Aka rufe Bracebridge aka mai da aiki Landan, kamfanin AMC da ya mallaki Norton ya durƙushe a 1966, Honda ya fito da CB750 mai silinda huɗu a 1969, kafin shekarun 1970 su ƙare kuwa masana'antar babura ta Ingila, wadda a da ta fi ta kowa, ta zama kufai. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sunan Norton ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, har a 2020 kamfanin TVS na Indiya ya saye shi a kan fam miliyan 16. Wannan TVS kuwa shi ne dai wanda baburansa da kekunansa masu ƙafa uku suke zirga-zirga a titunanmu.

Shi Manx bai mutu ba. Zanensa da haƙƙin ƙera shi sun bi ta hannun Colin Seeley da John Tickle har suka kai ga Andy Molnar, wanda ya ci gaba da ƙera sababbi bisa tsohon tsari domin tseren tsofaffin babura. A kan Manx ne Barry Sheene, zakaran duniya sau biyu, ya ci tsere a Goodwood a 2002, watanni kaɗan kafin mutuwarsa.

NAMU RABON

To, yaran gareji, ga hukunci. Wanda ya ce mai silinda ɗaya bai taɓa zama dokin sukuwa ba ya faɗi, domin ya ci kambun duniya, ya kuma zagaye Tsibirin Man da mil 100 cikin awa. Amma shi ma yana da 'yar gaskiyarsa, domin tun da aka kore shi daga babban fage sai ya koma fagen aiki, can kuwa ba shi da na biyu. Honda Super Cub da aka fara a 1958 silinda ɗaya gare shi, kuma a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Abin da ya sa mahayi mai zaman kansa ya riƙe Manx, watau sauƙin gyara da jimiri da ƙarancin shan mai, shi ne ya sa ɗan acaɓa ya riƙe nasa.

Sai dai akwai abu biyu da nake so mu ɗauka. Na farko ga makanikanmu. Rex McCandless bakanike ne kamar ku, abin da ya bambanta shi kuwa shi ne bai tsaya ga kwancewa da ɗaurewa ba, sai da ya tambayi kansa dalilin da ya sa babur ke rawa a kwana, ya auna, ya gwada. Muna da masu basira a kowane gari, daga Kano har Legas, amma shekara nawa muna haɗa na wasu ba mu kai ga zana namu ba? Hukuma da masu hannu da shuni su dubi wannan, su kuma tuna da abin da ya sami Birmingham.

Na biyu ga samarinmu masu wasa da babur a kan titi, musamman ranar ɗaurin aure da kai amarya. A Tsibirin Man doka ce ke rufe hanya, ga masu tsaro a kowace kwana, ga likitoci da jirgi mai saukar ungulu, mahayi kuma yana cikin rigar fata da hular kwano. Duk da wannan tanadi, mutum fiye da 250 sun mutu a wannan hanya tun 1911, har manyan mahaya suka ƙaurace mata, aka cire ta daga gasar duniya bayan 1976. In haka abin yake ga gwanaye a rufaffiyar hanya, ina ga yaro da silifa, ba hula, a tsakiyar kasuwa, ga yara suna tsallaka titi? Mai son sukuwa a nema masa fage da ƙa'ida. Titi kuwa na kowa da kowa ne, ran da ake wasa da shi a kai ba na mahayi kaɗai ba ne.

Allah ya kiyashe mu da haɗarin hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.